Ɗan Farina Da Murar Marka

Tun cikina yana wata fuɗu mata sunka fara ba ni labarin naƙuda don su ga na tsorata, ni kuwa tsorona yana wani wuri dabam. Abin da ke hana ni cin tuwo shi ne sanin cewa abin da ke cikina ɗan fari ne. A wurinmu ɗan fari ba na uwarshi ba ne a gaban mutane. Ba ki kiran sunanshi. Ba ki ɗaukarshi in akwai manya a tsakar gida. In ya faɗi ya fasa baki sai ki dubi bango, wata ta ɗaga shi. In ya yi ciwo ba a tambayarki, ke ma ba ki cewa uffan. Ita ce ake ce ma kunya, kuma da ita ake auna gidan da mace ta fito.

Na san inda kunyar nan take kai mutum, don na gani da idona a gidanmu a Kebbe, ina 'yar shekara tara ko goma. Matar Baffa, ƙanin babana, ta haifi ɗanta na fari, yaro kakkaura mai yawan dariya. Da damina mura ta kama shi, hanci ya toshe, ya riƙa tari. Tsofaffi sunka leƙa bakinshi sunka ce belu ne, ɗan naman nan da ke reto a ƙofar maƙogwaro, wai ya sake tsirowa yana sosa mashi wuya. Anka kira wanzami ya sa ƙugiya da aska ya yanke. Ni anka ba ƙwaryar ruwa in riƙe, shi ya sa na ga komai. Yaron ba shi da hanyar numfashi sai baki, bakin kuwa ya cika da jini. Daga ranar bai ƙara kama nono ba. Kwana biyu ya yi. Uwar tana zaune a bakin ɗakinta ta ba mu baya tana kaɗi, tun daga yankan har anka fita da shi a tabarma. Zaren yana tsinkewa tana haɗawa, yana tsinkewa tana haɗawa. Mata sunka yi ta yabonta, wai ba a taɓa ganin mai kunya irinta ba, ko ɗigon hawaye. Na san kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ranarshi. Amma na ga abin da na gani, kuma a lokacin ban faɗa ma kowa ba sai Innata.

Aure ya kai ni Tambuwal, gidan Gwaggo, yayar babana. Ɗanta na aura, wanda nike ce ma Yaya tun muna yara, ban kuwa sake ba har yau. Mijin Gwaggo ya rasu tun kafin in tare, ita ce babba a gidan. Da ciki ya tsufa anka mai da ni Kebbe, na haihu namiji, anka raɗa mashi sunan marigayin. Kunya ta zama biyu ke nan, ga ɗan fari, ga sunan suruki. Kwana ukku da haihuwa wanzamin garinmu ya cire mashi belu yadda ake yi ma kowane jinjiri. Hancinshi a buɗe yake, ya yi kukanshi ya kama nono. Ni ba ni da faɗa da wannan.

Inna ba mai magani ba ce, ba wanda ya taɓa zuwa ƙofarta neman taimako. Mace ce da ta haifi tara ta binne ukku, ta riƙe abin da ta lura da shi. Ranar da na gama wankan jego za a mai da ni, ta kira ni ɗaki ta shimfiɗa tsumma. Ta zuba citta da kanumfari da masoro da kimba, waɗanda take saye kaɗan kaɗan wurin fatake in sun dawo daga Jega, ta ɗora ɗan kaskon man kaɗanya.

Ta ce, "Ji nan. Mai yaji duk naki ne, ba nashi ba. Ke za ki sha a kunu, shi shi same shi a nono. Kada ki kuskura ki ɗura ma jinjiri citta. Nashi tururi ne da mai. Ganyen sabara da ɗoɗɗoya, ki tafasa, ki lulluɓa da gwado ku yi sirace tare, tukunya can wajen ƙafarki, shi a ƙirjinki. Kuma ki riƙa duban awazunshi. In fatar tsakanin ƙasusuwa tana lotsawa in ya ja numfashi, ciwo ya sauka ƙirji, ki yi kururuwa. In ba ta lotsawa, mura ce, da hanci za ki yi ta fama."

Na ce, "Inna, in yi kururuwa a gidan miji? A kan ɗan fari?"

Ta ɗaure bakin tsumman. Can ta ce, "Ni dai na gaya miki abin da za ki duba."

Munka bi ayari, don a shekarun nan ba a bin hanyar nan mutum ɗaya ko biyu. Munka kwana Dogon Daji, kashegari da la'asar munka shiga Tambuwal. Tun a zaure Gwaggo ta kwance shi daga bayan matar da ta rako ni, tana guɗa tana cewa maigidanta ya dawo. Haka take kiranshi, maigidana. Ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Tana son yaron nan kamar ta haɗiye shi. Ita ke yi mashi wanka, ita ke goyonshi, ita ke yi mashi tawai tana zaginshi wai ya bar ta da yunwa bai kawo cefane ba. Ni nawa nono ne, shi ma a cikin ɗaki, in ya ƙoshi in miƙa. Sai na koyi kallo da wutsiyar ido. In ina daka, nakan aje turmi inda zan riƙa hangen ƙafafunshi ta ƙarƙashin zanen goyo. Na san kukanshi na yunwa, na san na barci, na san na cizon tururuwa, duk ba tare da na juya kai ba.

Yana wata takwas marka ta kama. Kwana bakwai ba mu ga rana ba. Katanga ta jiƙe, gero ya fara wari a rumbu, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Mura ta shigo gidan ta kan Yaya, ta koma kan Gwaggo, sannan ta sauka kan yaron. Ranar farko ruwa ne ke zuba a hancinshi, yana wasanshi. Rana ta biyu majina ta yi kauri, tari ya fara. Gwaggo ta shafa mashi man shanu a hanci da maɗiga, ta aika anka karɓo rubutu wurin limamin unguwa. Rana ta ukku da anka miƙo mini shi, ya kama nono ya ja sau biyu ya saki, ya buɗe baki yana haki, ya sake kamawa ya sake saki, ya fashe da kuka don haushi. Na kwantar da shi a cinyata na dubi awazun. Na daɗe ina duba. Ba su lotsawa. Yunwa yake ji, hanci ya hana shi ci, shi ke nan ciwon.

Da na fito da shi, Gwaggo ta karɓe shi ta zauna bakin rumfa inda haske yake, ta danne mashi harshe da ƙotar ludayi ta leƙa.

Ta ce, "Na faɗa! Ga shi nan ya yi jawur. Belu ne ya dawo. Wanzaman Kebbe aikin rabi da rabi sunka yi ma maigidana."

Ba da ni take magana ba, da tsakar gida take yi. Ta leƙa ta kan katanga ta roƙi maƙwabcinmu, in ya fita ya biya ta gidan wanzami ya ce ana nemanshi bayan azahar.

Na shiga ɗaki, na tarar da Yaya yana ɗaura walki zai tafi gona, don ruwan ya ɗan tsagaita, ciyawa kuma ta cinye dawa.

Na ce, "Yaya, za a yanka mashi wuya."

Ya ce, "Wa?" Ya san wa. Shi ma ɗan farinshi ne, shi ma ba ya kallonshi a gaban uwa tai.

"Yaron ga. Hancinshi a toshe yake. In anka yanka, ta ina zai yi numfashi? Ka yi ma Gwaggo magana, a bari hancin shi buɗe."

Ya dubi ƙofa kamar wani na laɓe. "Ni? In ce mata mi? In ce na fi ta sanin yara? Ita ta raine ni, ga ni tsaye."

"Ɗan Baffa ma raino anka yi mashi."

"Ke dai kin cika tsoro. Tun kina ƙarama haka kike, ko kaza ta yi tari sai kin kasa barci." Ya saɓa fartanya ya fita.

Gaskiya ya faɗa, matsoraciya ce ni. Na zauna bakin gado. Na ga kaina zaune na ba da baya, mata suna yabona. Sai na tashi na ɗauki tulu kamar mai zuwa rijiya, ban yi ma kowa sallama ba. Na wuce rijiyar, na wuce marina, na fita ƙofar gari. Wani tsoho daga cikin masu tsaron ƙofa ya ce, "'Yar nan, ruwan cikin gari ya ƙare ne, cikin wanga marka?" Na wuce abina. Bayan ganuwa akwai saura, tsohuwar gona, da sabara ta cika. Na yi ta tsinkar ganye masu taushi ina cusawa cikin tulun har ya cika, na aza a ka, na dawo ina tafiya a hankali kamar mai tsoron ruwa ya zube. Ɗoɗɗoya kuwa tana nan bayan ɗakina inda ruwan wanka ke bi.

Saura wuta. Duk itacen gidan jiƙaƙƙe ne. Na duba ɗaki, ba abin da ya bushe sai 'yar kujerata ta zama, wadda anka kawo ni da ita cikin kayan ɗaki, Inna ta sa anka yi mata zanen wuta a ƙafafu. Na kai ta bayan ɗaki na sa gatari na faskara ta. Na hura wuta a cikin ɗakina, na aza tukunya, na zuba ganye.

Tukunyar ta fara ƙara ke nan na ji sallama.

"Salamu alaikum masu gida! Ina angon da za a yi ma gyaran wuya?"

Wanzami ne, dattijo gajere mai furfura a gemu, rataye da zabira. Shi ya yi ma Yaya kaciya, shi ke yi ma Gwaggo ƙaho duk bazara.

Gwaggo ta ce, "Ga shi nan, mutanen Kebbe sun ɓata mini miji."

"Ai su can da lauje suke cire belu, in sun gama yankan ciyawa."

Sunka yi dariya. Mata biyu maƙwabta sun shigo kallo, su ma sunka taya su. Gwaggo ta zauna a kan turmi da anka kifa, ta matse ƙafafun yaron tsakanin cinyoyinta, ta riƙe hannuwanshi. Wanzami ya tsuguna ya kwance zabira, ya fid da ƙugiya da 'yar aska da ɗan icen danne harshe. Ɗaya daga cikin matan ta hango ni a bakin ƙofa, ta yi mini alama da ido in koma ciki, don nan ne wurina.

Na fito. Ban san yadda na ratsa tsakar gidan ba. Na durƙusa gaban Gwaggo, na ce, "Gwaggo, ki ba ni shi."

Ta zaci ban ga abin da ake yi ba. "Ba yanzu ba, in an gama kya ba shi nono shi lafa."

"Ba za a yi ba. Ki ba ni ɗana."

Tun da anka haife shi ban taɓa cewa ɗana ba, ko ni kaɗai a ɗaki.

Gwaggo ta ce, "Mi kika ce?"

"Ɗana na ce."

Wanzami ya yi murmushi, ya ce, "Ɗiyata, tsoro ne, kowace uwa tana ji. Shiga ɗaki ki toshe kunne. Kafin ki ce bisimilla na gama."

Na ce, "Baba, ban raina aikinka ba. Amma don Allah toshe hancinka da yatsu biyu."

"In yi mi?"

Na jawo ƙwaryar ruwan da anka aje mashi na miƙa. "Toshe hanci, ka kurɓi ruwan ga ka riƙe a baki, kada ka haɗiye. In ka kai tsawon Fatiha ɗaya a haka, ni da kaina zan riƙe maka shi."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "La ilaha illallahu!" ɗayar kuma dariya ta kuɓuce mata ta rufe baki da gefen zane. Wanzami ya dubi ƙwaryar, bai karɓa ba. Murmushin ya tafi.

Ya ce, "Tun ba a yi auren uwarki ba nika wanga aiki. Yau 'yar da ba ta gama wankan jego da kyau ba za ta ba ni karatu?"

"Ni ba ni da karatu, Baba. Ido gare ni. Yau kwana ukku yana mura, yana kama nono yana saki. Da baki yake numfashi. Gwaggo, kin san ɗan Baffa, ɗan ƙaninki ne. Ni na riƙe ƙwaryar."

Gwaggo ta ce, "Kwananshi ya ƙare! Ke ce mai rayawa? Tashi ki ba ni wuri tun ban ɓata miki ba." Ta ce ma wanzami, "Yi aikinka."

Ya ɗauki icen danne harshe. Yaron yana ta kuka, kukan ma ba ya fita sosai. A nan ne na kira sunanshi. Sunan yanka, gaba ɗaya, da ƙarfi, sunan mijin Gwaggo da ba wanda ya furta a gidan nan tun ranar da anka kai shi kushewa. Gwaggo ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi, hannunta ya saki. Na sunkuce shi na rungume, na juya.

Ina jin ta a bayana tana cewa: "A bakinki? Sunan Malam a bakinki? 'Yar ƙanina ta cikina?"

Wanzami yana tattara kayanshi yana cewa, "In belun ya shaƙe shi, kada a aiko mini. Ni an sallame ni."

Na shiga ɗaki na saki asabari, na jawo tukunyar ruwan sha na tokare.

Zan faɗi wautar da na yi, don kada wata ta maimaita. Inna ta ce ganye biyu kaɗai. Ni kuwa tsoro ya ce mini bai isa ba, na daka kimba da masoro na watsa a tukunyar. Da na lulluɓa mana gwado na buɗe murfi, tururin ya bugi idanuna kamar barkono. Yaron ya sandare, ya yi tari har fuskarshi ta canza. Daga waje Gwaggo ta buga asabari tana cewa, "Kashe shi za ki yi! Ku zo ku gani, za ta kashe mini shi!" Na yaye gwadon, na ɗaga shi a kafaɗa ina bubbuga bayanshi har numfashin ya daidaita. Ni ma kuka nike yi. Na zubar da ruwan duka ta bayan ɗaki, na sake azawa da sauran ganyen da ragowar kujerata.

Karo na biyu na bi maganar Inna. Na bar ruwan ya ɗan huce. Na zauna na miƙe ƙafa, tukunya can wajen tafin ƙafata, shi kwance a ƙirjina, gwado a kanmu, na bar 'yar kafa iska na shiga. Ƙamshin ɗoɗɗoya ya cika wurin. Gumi ya karyo mana. Bayan ɗan lokaci na ji hancinshi ya fara ƙara kamar tukunyar da za ta tafasa. Na fito da shi, na matsa nono ɗigo ɗigo a kowace ƙofar hanci, na sa bakina na zuƙo majinar na tofar, na sake, na sake. Ya tsani abin, ya yaƙushe ni a kumatu. Na narka man kaɗanya a tafin hannu na murza mashi a ƙirji da baya da tafin ƙafa. Ni kuma na dama kunu na zuba citta da kanumfari, na sha da zafinshi har harshena ya ƙone.

Ana kiran la'asar na ba shi nono. Ya kama. Na jira ya saki, bai saki ba. Ina jin haɗiyarshi, ƙut, ƙut, har nonon ya yi laushi, ya yi barci da shi a baki.

Yaya ya dawo gab da magariba, tun a hanya an ba shi labari. Ya tsaya bayan asabari.

"An ce kin yi abin kunya."

Na ce, "Na yi."

"An ce kin kori wanzami, kin kira sunan Baba."

"Na kira."

Sai ya rage murya, yadda ko ni da ƙyar na ji: "Ya sha?"

"Ya sha."

Ya tafi. Kashegari da hantsi na ga an jibge busasshen itace da damin sabara a bayan ɗakina. Da uwa tai ta tambaya, ya ce na awaki ne.

Kada a zaci daga nan komai ya yi daɗi. Kashegarin jikin yaron ya yi zafi fiye da da, hancin ya sake toshewa. Gwaggo ta daina yi mini magana, tuwon da na tuƙa ta ture shi da ƙafa. Na san in wani abu ya sami yaron nan, ba mai cewa kwana ya ƙare. Cewa za a yi 'yar Kebbe ta hana a cire belu. Duk bayan ɗan lokaci sai in kwance shi in dubi awazu, har idona ya riƙa yi mini gizo, in ga kamar sun lotsa, in sake dubawa in ga ba su lotsa ba. In da sun lotsa ban san abin da zan yi ba, Inna tana tafiyar kwana biyu. Da azahar ɗin ranar sai da na miƙe zan je in durƙusa in ce a kira wanzamin. Na kai bakin ƙofa, na ji yadda yake jan numfashi ta baki, na koma na hura wuta. Sau ukku a yini nike yi mashi siracen, kafin kowane shan nono. Rubutun liman ma ni na riƙa ba shi da ɗan ludayi, ban bar ko ɗigo ba.

Rana ta fuɗu da fara siracen zafin ya sauka. Ina cikin gwado na ji tafiyar Gwaggo ta tsaya a ƙofa. Ita ma murar ba ta sake ta ba, muryarta ta hanci take fita.

Ta ce, ba tare da ta kira ni ba, "In an gama da tukunyar, kada a zubar da ruwan."

Na kai mata har ɗaki da gwadon. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sabarar ta yi yawa, ɗoɗɗoyar ta yi kaɗan. Ko wannan ba a koya muku ba a Kebbe."

Kwana tara murar ta yi kafin ta bar shi. Ya rame, amma ya tashi.

Abin da na biya kuwa ina biya har yanzu. A unguwarmu an sa mini suna, mai ɗa. In na shiga gidan suna ko gidan biki, sai wata ta ɗaga murya: "Mai ɗa, ina ɗan naki? Mi ne ne sunanshi ma? Tuna muna!" a kwashe da dariya. Da farko nakan sunkuyar da kai. Yanzu cewa nike yi, "Yana gida yana cin tuwo, na gode da tambaya." Labari ya kai Kebbe kafin kaka. Da na je gida, babana ya ƙi amsa gaisuwata kwana biyu, ya ce na zubar mashi da mutunci a gaban yayarshi. Inna ta yi mini faɗa a tsakar gida kowa na ji, ta ce ba haka ta raine ni ba. Da munka shiga ɗaki ta tambaye ni sau nawa na yi siracen a yini, kuma wa ya ce in sa kimba.

Gwaggo har gobe cewa take yi rubutun liman ne ya tashe shi, kuma belun yana nan, wata rana zai nuna kanshi. Ba na musu da ita. Allah ne ya tashe shi. Ban ce sabara tana maganin kowane ciwo ba, don damina da ta biyo baya 'yar maƙwabciyarmu ta sha sirace har ta gaji, ciwon ya sauka ƙirji, ta tafi. Sunan kuwa ban ƙara kira a gaban Gwaggo ba, don na ga yadda ya soke ta, kuma ba ta cancanci haka daga gare ni ba. Amma ina ɗaukar ɗana a tsakar gida, ina share mashi hanci, in ya faɗi ni ke fara isa. Wanda ya ga rashin kunya ne, ya gani. Ban tuba ba, kuma in an sake zan sake.

Yanzu ina goyon ƙanwarshi, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas. Ɗan ajamin da na koya wurin wata malama kafin aure bai da yawa, da shi na lallaɓa na rubuta wannan. Ke da kika karanta, ko anka karanta miki, in ke ce babba a gidanku kuma ɗan fari ya kwanta ciwo, ki ja uwar ɗaki inda ba mai ganinku, ki tambaye ta abin da ta lura da shi, ki saurara. Kuma don Allah kada a sa aska a bakin yaron da hancinshi ke toshe. A jira hancin ya buɗe.